Yadda zaka haɗa hoton 3D da wayarka, ka shirya fayil ɗin ya buɗe daidai a kwamfuta

Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar da na nuna ma yaran unguwarmu hoton tsohuwar gadar Lugard ɗin nan dake Gamji Gate a Kaduna, suka saka tabarau mai ido ɗaya ja ɗaya shuɗi suka ga kamar zasu ɗaga ƙafa su taka gadar ta cikin laftof, ban sake hutawa da tambaya ba, wasu ma sun ɗauka wata kyamara ce ta miliyoyi na siyo. Wallahi da wayar dake aljihuna na ɗauka. Aikin ba a kyamara yake ba, yana wajen shirya fayil ɗin ne, kuma nan ne mafi yawan waɗanda suka gwada suke karaya su ce abin yana sa musu ciwon kai. Toh bari in bi da kai tun daga tushe.

Ɗaga yatsanka ɗaya a gaban fuskarka, ka rufe idon dama ka kalle shi, sannan ka buɗe ka rufe na hagu. Kaga yatsan yayi tsalle ko? Dalili shine tsakanin ƙwayar idonka biyu akwai tazarar kusan santimita 6 da rabi, kowane ido da kusurwar da yake hango duniya, ƙwaƙwalwa ce take haɗa hotunan biyu ta fitar maka da zurfi, ka san wannan na kusa wancan na nesa. Hoton 3D ba komai bane illa hotuna biyu, ɗaya na idon hagu ɗaya na idon dama, sai dabarar da za a bi kowane ido yaga nashi kaɗai. Kuma ba sabon abu bane, wani Bature ɗan Ingila Charles Wheatstone ya bayyana na'urar kallon irin wannan tun 1838, lokacin ma ɗaukar hoto bai yaɗu ba, da zanen hannu ya nuna abin.

Ɗaukar hoton. Ka tsaya ƙafafunka a ɗan buɗe, ka riƙe wayar da hannu biyu gwiwar hannunka manne da jiki, ka jingina nauyinka kan ƙafar hagu ka ɗauka, sannan ka mayar da nauyin kan ƙafar dama ka sake ɗauka. Shikenan. Wannan ɗan gocewar da jikinka yayi ta kai kusan tazarar idanu. Amma kafin ka danna, ka ɗora yatsa a kan sikirin ka riƙe na ɗan lokaci har wayar ta kulle haske da fokas, yawancin wayoyi suna yi, saboda in ka barta ita zata zaɓa, sai hoton hagu ya fito da haske na dama ya fito da duhu, kuma ido baya yafe wannan. Kada ka taɓa zum tsakanin hotunan. Kada ka karkato wayar ciki wai don abin ya dawo tsakiya, a'a, ka zame ta gefe kawai tana kallon gaba sak kamar aljihun tebur da ake ja a kan layinsa. Kuma kullum ka fara da hagu, kullum, ka mayar da shi ɗabi'a, zaka gode mun in ka dawo gida da hotuna 80 a waya.

Nawa za a gusa? Masu wannan harka suna da ƙa'ida mai sauƙi, ka auna nisan abu mafi kusa da kai a cikin hoton ka raba gida 30. In abin yana mita 2 gusawar santimita 6 zuwa 7 kenan, in yana mita 6 sai santimita 20, in kuma gini ne kamar Lugard Hall ka tsaya daga nesa, babu komai tsakaninka dashi sai a mita 30, toh sai ka yi taku guda cur na mita 1. Ƙaramin abu kuma, misali kwanon fura a santimita 60, santimita 2 kacal ya isa. Ba sai ka yawo da tef ba, ido ba mudu bane amma ya san kima, ni dai abinda nake yi shine in ɗauki guda uku ko huɗu ina ƙara gusawa kaɗan kaɗan, in na zauna sai in zaɓi biyun da suka fi daɗin kallo. Kuma lura da cewa abu mafi kusa nace, ba abinda kake son ɗauka ba. Da yawa reshen mangwaro ko ƙasan dake gaban ƙafarka shine mafi kusa baka sani ba, shi zai ɓata maka lissafi.

Matsalar wannan hanya ɗaya ce, duk abinda ya motsa tsakanin hoto na farko da na biyu ya lalace. Keke napep a Ahmadu Bello Way, ruwan kogin Kaduna, tuta, ganyen bishiya in ana iska, yaron da bazai tsaya ba, duk zasu fito suna walƙiya a ido. Shi yasa da sassafe yafi, bayan asuba in gari ya waye kafin hanya ta cika. Lokacin hazo kuma nesa tana dusashewa, zurfin baya fitowa sosai, gara ka nemi abubuwa na kusa masu layi layi, kamar ginshiƙan masallaci ko jerin tukwane da buhuna a Kasuwar Barci, da izinin masu kayan mana.

Toh yanzu mun zo inda gizo ke saƙa. Ka turo hotunan cikin kwamfuta da kebul ko ta memori, kada ka tura ma kanka ta WhatsApp a matsayin hoto saboda yana matse su ya rage musu girma da inganci. Ka buɗe folda ɗaya ka sa mata suna asali, kada ka taɓa gyara komai a cikinta, ka kwafa zuwa wata folda ta aiki. Sannan ka sake ma kowanne suna tun kafin ka buɗe wata manhaja, misali gada01_L da gada01_R, L na hagu R na dama, don haruffan da manhajojin suka saba dasu kenan. Na san zakace wannan ai ƙaramin abu ne, amma rabin hotunan da mutane suke kawo mun suna cewa sunƙi yi, ba abinda ya same su illa an juya hagu da dama. In aka juya, abinda ya kamata ya fito sai ya lotsa, hancin mutum ya shige ciki, bango ya taso gaba, kai kuma baka gane me ke damunka ba sai dai kaji ido na ja.

In ka manta wanne ne wanne ga yadda zaka gane. Ka nemi abu na kusa da abu na nesa a bayansa, misali falwaya da gini. A hoton idon hagu, abin kusa yana matsawa dama in ka gwada shi da na bayansa, a hoton idon dama kuma yana matsawa hagu. Sake gwadawa da yatsanka yanzu zaka tabbatar.

Wani abu kuma, hotunan biyu dole girmansu ya zama ɗaya, in ɗaya fiksel (ƙananan ɗigon da suka haɗa hoto) 4000 a 3000 ne ɗayan ma haka. Kuma duk gyaran launi ko haske da zaka yi, ka yi ma biyun iri ɗaya sak, ko ka bari sai bayan ka haɗa su. Waya tana da wata ɗabi'a ta ajiye hoto a kwance ta rubuta a cikin bayanan fayil cewa a miƙar dashi, wasu manhajojin suna karanta wannan wasu basa karantawa, in kaga ɗaya ya buɗe a kwance ka juya shi ka adana kafin ka ci gaba.

Manhajar da nafi amincewa da ita ita ce StereoPhoto Maker, kyauta ce, wani ɗan Japan ne ya rubuta ta, tana aiki a Windows kuma bata da nauyi, tsohuwar laftof ma tana ɗauka. Fuskarta kamar ta zamanin da, kada wannan ya kore ka. A ƙarƙashin File akwai inda zaka buɗe hoton hagu da na dama daban daban, zata fara tambayarka na hagu sannan na dama, kaga amfanin sunayen nan kenan. In sun buɗe gefe da gefe, abu na farko ka danna Auto Alignment ka barta tayi aikinta. Abinda take yi shine ta nemi wurare masu kama da juna a hotunan biyu ta gyara karkata, ta gyara bambancin girma, sannan mafi muhimmanci ta gyara hawa da sauka, wato in hannunka ya ɗan yi sama a hoto na biyu.

Bari in tsaya a kan wannan hawa da saukar, don ita ce uwar ciwon kai. Idanunmu sun saba da bambanci na gefe da gefe, shi suke juyawa ya zama zurfi, amma basu saba ɗaya ya kalli sama ɗaya ƙasa ba, ko kaɗan ne sai jijiyoyin ido su dinga kokawa suna ƙoƙarin haɗawa, minti biyu mutum ya cire tabarau yace shi bazai iya ba. Saboda haka ko manhaja ta gama, ka duba da kanka, ka ƙara girman hoton ka zaɓi wani abu mai kaifi kamar kusurwar taga ko kan ƙusa, ka tabbatar yana kan layi ɗaya a hagu da dama, sannan ka duba wani a can ɗaya gefen hoton, don wani lokaci tsakiya ta daidaita amma gefe bai daidaita ba, alamar akwai sauran karkata kenan.

Bayan nan sai abinda ake kira tagar hoto. Ka ɗauki sikirin ɗinka kamar taga ce kake leƙa waje ta cikinta. In ka zame hoto ɗaya hagu ko dama a kan ɗayan, duk abinda ya hau kan ɗan'uwansa daidai, wato hotonsa biyu suka zama ɗaya, shine zai zauna a daidai gilashin tagar, sauran su koma baya ko su fito gaba. Ga mai farawa, ka sa abu mafi kusa ya zama shine a kan gilashin, komai ya koma ciki, wannan yafi kwanciyar hankali. Kana iya barin abu ya fito waje yazo wajen mai kallo, kamar hannu da aka miƙo ko kan sanda, yara suna son wannan sosai, amma da sharaɗin bakin hoton bai yanke shi ba. In abu ya fito gaba kuma gefen hoto ya datse shi, ƙwaƙwalwa tana rikicewa, ta yaya abu zai kasance gaban taga kuma taga ta rufe shi. Sannan ka duba abu mafi nisa, tazarar hotonsa biyu kada ta wuce kashi 1 cikin 30 na faɗin hoton, wato in faɗin fiksel 3000 ne kada ta haura 100 sosai. In ta haura, gusawarka tayi yawa tun wajen ɗauka, ka koma cikin ukun nan ko huɗu ka ɗauko wanda gusawarsa tafi ƙanƙanta. Daga nan ka yanke gefunan da suka yi saura, inda hoto ɗaya yake da abu ɗayan bashi dashi.

Kafin ka fitar da komai, ka adana hagu da dama da aka daidaita daban daban, ko gefe da gefe a cikakken girma. Wannan shine uwar fayil ɗinka, duk sauran nau'o'in daga jikinta zaka dinga cirowa.

Yanzu wane irin fayil zaka fitar? Ya danganta da me za a kalla dashi, kuma anan mutane suke ruɗewa da sunaye.

Na farko anagilif, mai tabarau ja da shuɗi mai sirkin kore. Hoto ɗaya ne na yau da kullum, kowace manhajar hoto zata buɗe shi, ko a waya ko a talabijin ko a takarda. Ja a idon hagu yake, haka aka saba a ko'ina. Yadda yake aiki, kowane hoto a kwamfuta launi uku ne aka haɗa, ja da kore da shuɗi, sai a ɗauki jan daga hoton hagu, kore da shuɗin daga hoton dama. In Photoshop kake dashi zaka iya da hannu, ka sa hoton dama a ƙasa, na hagu a leya ta sama, ka danna leyar saman sau biyu, a Blending Options zakaga akwatuna uku R da G da B, wato ja da kore da shuɗi, ka cire alamar G da B ka bar R kaɗai, nan take zakaga gefunan abubuwa sunyi ja da shuɗi. A GIMP kuma, wadda kyauta ce, ka shiga Levels ka mayar da fitar kore da shuɗi na hoton hagu zuwa 0, ka mayar da fitar ja na hoton dama zuwa 0, sannan ka sa leyar sama a Addition. Amma daidaitawa da hannu zaka yi da maɓallan kibiya, shi yasa nafi so a fara daidaitawa a StereoPhoto Maker.

Anagilif yana da abokin gaba, jan kaya. Na taɓa ɗaukar tumatir da tattasai an jera su gwanin sha'awa, da na saka tabarau sai idon hagu yana ganinsu da haske idon dama yana ganinsu baƙi ƙirin, hoton yana ta ƙyafta. Haka zai maka da jar dara, da rigunan dogarai masu ja da kore in ka ɗauki hoton hawan sallah, da jan leshi na amarya. Mafita biyu ce, ko ka zaɓi nau'in da ake kira Dubois a cikin manhajar, shi yana rage ƙarfin jan ya sauya shi kaɗan don idanu biyu su samu haske kusan ɗaya, ko kuma ka mayar da hoton baƙi da fari kafin ka haɗa. Ni a gani na baƙi da fari yafi kowanne fitar da zurfi tsaf, musamman tsofaffin gine gine. Kuma ka adana anagilif a PNG, in dole JPG ne ka kai ingancin ƙarshe, saboda JPG yana matse bayanan launi fiye da na haske, anan kuma launin shine yake raba ido da ido, in ya dame sai ka dinga ganin inuwa biyu a gefen komai.

Na biyu gefe da gefe. Shi launinsa baya lalacewa ko kaɗan. Iri biyu ne kuma dole ka rubuta a sunan fayil wanne ne. Akwai miƙaƙƙe, hagu a hagu dama a dama, shi ake sakawa a akwatin kallo irin Google Cardboard da ake zura waya ciki. Akwai kuma na giciye, hoton dama a hagu na hagu a dama, shi ana kallonsa ba tabarau, ka sa yatsa tsakaninka da sikirin ka kalli yatsan kamar mai harara garke har hotunan su zama uku, na tsakiyan shine mai zurfi, sai ka janye yatsan a hankali. Ranar farko zai iya ƙi, kada ka takura idonka, in kaji gajiya ka bari sai gobe. In ka ci karo da fayil mai ƙarewa da JPS, JPG ne kawai na gefe da gefe aka sauya ma suna, galibi na giciye, in manhajarka taƙi buɗewa ka kwafe shi ka mayar da ƙarshen sunan jpg zai buɗe. Sai dai Windows yana ɓoye ƙarshen sunan fayil, ka shiga View a cikin folda ka kunna nuna shi tukuna.

Na uku MPO. Wannan shi kyamarorin 3D na gaske suke fitarwa, irin Fujifilm FinePix Real 3D da ta fara fitowa a 2009, da na'urar wasan Nintendo 3DS. Cikinsa JPG biyu ne aka ɗinke a fayil ɗaya, ɗaya bayan ɗaya. Hatsarinsa shine manhajar hoto ta gama gari in ma ta buɗe shi hoto na farko kaɗai take gani, in ka gyara ka adana a kai, na biyun ya tafi har abada. Haka ta faru da wani abokina da ya samu irin kyamarar nan a kayan gwanjo, ya kai memorin wani shago a wanke masa, aka sauya sunayen duka aka adana a kai, hotunan sunan ɗansa suka koma na ido ɗaya, abin ya mun ciwo sosai don ba ranar da za a sake. Saboda haka MPO ka kwafe shi tukuna, ka buɗe kwafin a StereoPhoto Maker, ita zata raba maka hagu da dama, kuma tana iya haɗa naka hotunan na waya ta fitar dasu a MPO in kana da talabijin ko na'urar dake karanta shi.

Maganar tabarau, wanda ake bayarwa a sinima mai ruwan toka bazai yi aiki a laftof ɗinka ba, shi da irin allonsa na musamman yake tafiya. Mai ja da shuɗi zaka nema, na kwali ma ya isa. In zaka haɗa da kanka da ledar naɗe kyauta mai launi, ka gwada ta haka, ka ja layi da jan biro a farar takarda ka kalla ta cikin jar ledar, in layin ya kusa ɓacewa ledar tayi, in kana ganinsa raɗau ka ninka ta biyu. Ɗayan idon kuma shuɗi mai haske mai sirkin kore ake so, ba shuɗi mai duhu irin na bula ba, ta cikinsa jan layin ya kamata ya koma baƙi.

In ka nuna ma mutane wani yace shi baiga komai ba, kada ka matsa masa ko a yi masa dariya, akwai waɗanda idonsu ɗaya yake da rauni ko idanun basa haɗuwa, su zurfin nan basa ganinsa ko ya aka daidaita hoton. Amma fara duba ko ya juya tabarau ɗin, ja a hagu. In zaka tura ma wani ta WhatsApp ka tura a matsayin dokumen, ka rubuta masa a ƙasa ko anagilif ne ko miƙaƙƙe ko na giciye, kuma kace masa ya ƙara hasken sikirin, ya kashe wannan saitin na dare dake mayar da allo ruwan ɗorawa, ya ja baya kamar tsawon hannu ɗaya da rabi daga laftof ɗin kafin ya saka tabarau.